Filin Amsa Tambayoyinku: Jirgi Marar Matuƙi Zai Iya Yi Mini Gadin Gona?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da gonar kaji a bayan garin Kura, kusan eka biyar, da rijiyar burtsatse mai aiki da sola. Tun bayan babbar salla ɓarayi suka matsa mana lamba. Sun kwance faifan sola, sun tafi da injin ban ruwa, kaji kuwa ba a magana. Mai gadina dattijo ne, ba zai iya zagaye gonar cikin dare ba. Ɗana da ke karatun injiniya ya ce zai haɗa mini jirgi marar matuƙi da kuɗi kaɗan, ya riƙa shawagi a kan gonar har asuba. Wannan magana ce ta gaske, ko dai yaron so yake in saya masa abin wasa?
Daga wani mai gonar kaji, Kura.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri, ya tsare gaba. Yaron bai yi maka ƙarya ba, jirgi zai haɗu kuma zai tashi. Inda ya wuce gona da iri shi ne wurin nan da ya ce "har asuba".

Ɗauko biro mu yi lissafi. Irin jirgin da ɗalibai ke haɗawa, mai farfela huɗu, nauyinsa yakan ɗan haura kilo ɗaya. Batirin da aka fi sa masa shi ne LiPo mai sel uku, bolt 11.1, a ce mai ɗaukar mAh 5200, wato zai iya ba da amfiya 5.2 na tsawon awa ɗaya. Tsayuwa kawai a iska, ba tare da ya je ko'ina ba, yana zuƙar wuta kusan amfiya 15. Shi kuma wannan batiri ba a shanye shi ƙarƙaf, ana tsayawa a wajen kashi 80 cikin 100, in ba haka ba ya lalace. In ka raba, za ka samu minti 16 ko kusa da haka. Ranar da ake iska, ko aka rataya masa kyamara mai nauyi, sai ya sauko minti 10 zuwa 12. To daga ƙarfe 10 na dare zuwa 5 na asuba awa 7 ne, minti 420. Ko da kowane tashi ya kai minti 15, batiri 28 ke nan a dare ɗaya, kowanne kuma yana cin kusan awa guda a caja. Sannan wa zai zauna yana canzawa? Duk wanda ya hana idonsa barci yana cire batiri yana sa wani, ai shi ne mai gadin, ba jirgin ba.

Yaron zai ce a sa babban batiri. Babban batiri nauyi ne, nauyi kuma wuta yake ci, don haka ribar ba ta taka kara ta karya ba. Akwai akwatin da kamfanin DJI na ƙasar Sin ya fitar a 2022, wanda jirgi ke sauka a ciki ya yi caji da kansa ya sake tashi, amma wannan kayan manyan kamfanoni ne, kuɗinsa sai ya cinye kajin da ake son tsarewa.

Ga kuma matsalar duhu. Kyamara ta yau da kullum ba ta ganin komai a gonar da babu fitila. Mai ganin ɗumin jikin mutum ita ce ta dare, kuma tana da tsada. Ƙaramar da masu haɗi ke iya saya, FLIR Lepton, hotonta ɗigo 160 ne a 120, wato in jirgin ya yi sama mutum zai zama ɗan tabo fari, da ƙyar ka bambance shi da akuya. A watan Afrilu kuwa, da ƙasa da katanga ke riƙe zafin rana har tsakar dare, tabon ma sajewa yake yi. Kada kuma ka manta da ƙara. Ɓarawo zai ji kukan farfela tun kafin jirgin ya gan shi, ya laɓe ƙarƙashin darbejiya ya jira minti goma, ya san zai sauka.

Saboda haka ga shawarata, kuma a wannan jerin nake so ka kashe kuɗin. Fara da abin da ba ya barci: fitilun sola masu kunna kansu in sun ji motsi, ɗaya a kan rijiyar, ɗaya a ƙofar ɗakin kaji, da jiniya mai ƙara. Ka kira mai walda ya yi wa faifan solar da injin ban ruwa keji na ƙarfe. Ka kafa kyamara biyu ko uku masu cin layin waya, waɗanda za su turo maka hoto a wayarka. In da hali ka haɗa da kare. Sai bayan waɗannan jirgi ke da amfani, domin a lokacin ne ya san inda zai je. Jiniya ta yi kuka a kusurwar gabas, a tura shi da 'yar fitila mai haske ya leƙo cikin minti biyu, maimakon a tura dattijon nan da tocila ya je ya yi karo da masu adda. Wannan kaɗai ya isa dalili.

Amfaninsa na biyu da safe ne, kuma mutane ba su cika lura da shi ba. Daga sama ana ganin abin da mai tafiya a ƙasa ba ya gani: inda aka yanke waya, inda ciyawa ta kwanta saboda yawan bi, hanyar da ta ratso daga rafi zuwa bayan katanga. Ɓarawon gona yakan bi hanya ɗaya. In ka gano ta, ka san inda fitila ta gaba za ta tsaya.

Yanzu batun saye ko haɗawa. In hoto mai kyau kawai kake so, sayi haɗaɗɗe. Ƙananan jiragen DJI Mini nauyinsu bai kai giram 250 ba, suna yin kusan rabin awa a sama, hotonsu kuma ba ya rawa. Kafin na haɗi ya kamo su a kyawun hoto, ka kashe fiye da kuɗinsu. Amma na haɗi yana da abin da wancan ba shi da shi. In ya faɗi ya karye hannu, hannun kawai za a canza a kan teburin gida. Kuma yaron zai fita da sana'a a hannunsa. Ni in ɗana ne, zan bar shi ya haɗa.

Ga abin da zai nema, sai ka miƙa masa wannan shafi. Gangar jiki samfurin F450, wadda tsakanin inji da injin da ke kallonsa milimita 450 ne, ta roba ce mai arha, kuma ana samun hannayenta ɗai-ɗai. Injuna huɗu samfurin 2212 masu lamba 920KV, kowanne da na'urar daidaita gudunsa, ESC mai amfiya 30. Farfela mai inci 10, wadda ake rubuta wa 1045, ya sayo da yawa domin zai karya. Rimot irin FlySky FS-i6 ya wadatar. Ƙwaƙwalwar jirgin ita ce wurin da bai kamata a yi rowa ba: ya nemi Pixhawk da GPS ɗinta, ya ɗora mata manhajar ArduPilot, wadda kyauta ce, ya saita ta a kwamfuta da wata manhajar mai suna Mission Planner. Ita Pixhawk ɗin nan a jami'ar ETH da ke Zurich a ƙasar Suwizalan aka faro ta, aka kuma bar zanenta a buɗe, shi ya sa masana'antu da yawa ke buga ta har ta yi araha. Dalilin da ya sa na zaɓe ta shi ne tana iya tsayar da jirgi cak a wuri ɗaya, tana bin hanyar da aka zana mata a taswira, tana kuma dawo da shi gida da kanta. Sai 'yar kyamara da na'urar turo hoto a zangon 5.8GHz, da ƙaramin allon kallo. Farashi ba zan sa ba, domin dala yake bi, abin da na faɗa yau zai zama labari kafin mujalla ta kai hannunka.

Wurin haɗi, abu na farko: a cire farfela duk lokacin da ake saiti a kan tebur. Farfelar inci 10 tana tsaga yatsa har ƙashi. Biyu daga cikin injunan dama suke juyawa, biyu hagu, kowanne da irin farfelarsa. In aka sa ta wani a wani, jirgin zai kife tun bai bar ƙasa ba. In inji ya juya ba daidai ba, a sauya biyu daga cikin wayoyinsa uku, shi ke nan. Dalma ta kama da kyau ta yi sheƙi, domin girgiza tana ɓalle haɗin da aka yi da gaggawa. Kamfas ɗin jirgin, wato na'urar da ke nuna masa arewa, ba ya shiri da ƙarfe, don haka kada ya saita shi ko ya tashe shi a kan dakalin da ke da rodi, ko dab da rufin kwano, ko kusa da mota. Ya fita fili.

Kafin tashin farko ya saita abu biyu. Na ɗaya, in rimot ya yanke ko batiri ya yi ƙasa, jirgin ya juyo gida. A ArduPilot tsayin da yake hawa kafin ya juyo mita 15 ne in ba a taɓa shi ba, to ya duba bishiya mafi tsawo da turakun wuta a gonar, ya ɗaga lambar ta haye su. Na biyu, ya zana masa shinge a taswira daidai iyakar gonarka, yadda ko hannu ya kuɓuce ba zai faɗa gonar maƙwabci ba. Ya yi makonni yana koyo da rana tsaka a fili kafin ya yi tunanin dare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Batirin nan kuwa ka sa masa ido da kanka, Alhaji, domin gobara yake yi. Kowane sel cikarsa bolt 4.2, a sauko in ya kusa 3.5, in za a ajiye shi kwanaki a bar shi a 3.8. Caja tasa ta musamman ce mai daidaita sel-sel. Ba a sa shi caji a tafi masallaci, ba a barinsa cikin mota a rana, ba a cajinsa kusa da buhunan dusa ko ɗakin kaji. A yi a kan siminti, da bokitin yashi a gefe. Wanda ya kumbura ya gama aiki, kada a ce bari a ƙara tashi ɗaya. Da hunturu kuma ƙura tana shiga cikin injuna, a riƙa hure su bayan kowane tashi. Shirwa ma takan kawo wa jirgi hari, in ya ga tana zagaye ya sauko.

Na bar doka a ƙarshe ba don ta fi ƙanƙanta ba. Tun watan Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta sanar cewa ba a tashin jirgi marar matuƙi a sararin Najeriya sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Shigo da shi daga waje ma yana buƙatar takardar wannan ofishi. Ba a haura ƙafa 400, wato kimanin mita 120, kuma jirgin ya kasance inda idon mai tuƙi ke ganinsa. A Janairun 2025 rundunar Operation Hadin Kai ta hana tashinsa a arewa maso gabas, masu karatunmu na Borno da Yobe da Adamawa su kiyaye. Kai da kake Kura ka nemi izinin, ka faɗa musu a fili cewa har da dare kake nufi, sannan ka sanar da ofishin 'yan sanda na yankinku da dagaci da 'yan sintiri. A halin da ake ciki, abu mai fitila yana yawo a sama da tsakar dare ba tare da an san mai shi ba, yana iya jawo maka abin da ya fi satar kaji.

TAMBAYA: Malam, wani matashi a layinmu a Kurna ya sayo irin jirgin nan, wai gidansu yake tsarewa. Kullum da yamma sai mu gan shi a saman tsakar gidanmu, ga 'yammata a gida, ga banɗakinmu ba rufi. Yarana sun ce za su harbo shi da danƙo. In bar su?
Daga wata uwa, Kano.

AMSA: Hajiya, kada ki bar su. Abu mai farfela huɗu da batiri mai kamawa da wuta in ya rikito, ba ki san kan wa zai faɗa ba, kuma sai a wayi gari ke mai gaskiya kin koma mai biyan diyya. Amma ƙorafinki yana kan hanya. A garin nan ko magini zai hau soro sai an aika maƙwabta cewa maza za su hau sama, mata su kimtsa. Wanda ya ɗaga kyamara sama da katangar mutane ya hau soron kowa a unguwar ba tare da sallama ba. Gidajenmu a buɗe suke ta sama, jirgi kuma in ya kai mita 20 ba gida ɗaya yake gani ba, ko da mai shi bai yi niyya ba. Shi ya sa ba na ba kowa shawarar jirgi don tsaron gida a cikin gari. Kyamarar da aka kafa a ƙofa tana kallon titi ta fi shi aiki.

Ki ɗauki hotonsa da waya in ya zo, ki riƙe rana da lokaci, maigida ya samu mahaifin yaron. In bai ji ba, sai mai unguwa, sai 'yan sanda. A kuma tuna masa cewa Kurna maƙwabciyar filin jirgin saman Malam Aminu Kano ce. A Disambar 2018 rahoton ganin irin wannan jirgi ya sa an rufe filin Gatwick na Ingila, aka soke ko aka karkatar da tashi da sauka kusan 1,000. Hukuma ba ta wasa da wanda ya tashe shi a hanyar jiragen fasinja.

TAMBAYA: Ana iya ɗaura masa garin barkono ko wani abu da zai zubo wa ɓarawo?
Daga wani ɗalibi, Zariya.

AMSA: A'a, ƙanena. Da zarar ka ɗaura masa abin cutarwa ya tashi daga kyamara ya zama makami, kai kuma ka tashi daga wanda aka yi wa sata ka koma wanda ake tuhuma. Iskar farfela ma watsa barkonon za ta yi ko'ina, har kan mai gadinku. Fitila da 'yar jiniya sun isa. Kai da kake son koyo, fara da manhajar gwajin tuƙi a kwamfuta da rimot na gaske a hannunka, sannan ka sayi ɗan ƙarami mai kariya a farfela ka riƙa tashinsa a filin ƙwallo lokacin da babu kowa.