Shin gaya wa Allah ɓacin raina zunubi ne?

'Yar'uwa, sannu da wannan rashi. Kin ce tun da ɗanki ya rasu ba kya iya addu'a sai kuka da tambayar Allah dalili, kuma wasu a coci sun ce miki wannan rashin bangaskiya ne.

Ni dai ban yarda da su ba. Buɗe Zabura 13, Dawuda ne ke tambayar Ubangiji har yaushe zai manta da shi. Zabura 88 ma da duhu ta ƙare, babu ko kalmar yabo a ƙarshenta, amma an bar ta cikin Littafi Mai Tsarki. Yesu kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, a kan gicciye kuma ya tambayi Allah don me ya yashe shi. Duk waɗannan da Allah suke magana, ba su juya masa baya ba.

Lokacin da mahaifiyata ta rasu, na fi wata ina riƙe da littafin waƙoƙi a coci, baki ya ƙi buɗuwa. Zabura 88 nake karantawa da dare.

Kada ki tilasta wa kanki murmushi don idon jama'a, kada kuma ki saurari masu cewa wani laifinki ne ya jawo. Abokan Ayuba sun yi masa haka, Allah ya tsawata musu a sura 42.

Ki samu fasto ko dattijuwa a zumuntar mata mai iya saurare. Idan barci da abinci sun gagara makonni, ko tunanin kashe kanki ya zo, ki ga likita a ranar.