Amsa: Dakon kaya a cikin Teksas kawai

Malam, ka tambaya ko wanda ba ya fita daga jihar Teksas ta Amurka da tirela sai ya nemi izini. E, sai ya nema. In nauyin motar da kaya ya haura fam 26,000, za ka fara karɓar lambar USDOT (lambar shaida ta ma'aikatar sufuri ta Amurka), sannan ka yi rajista da TxDMV (hukumar kula da motoci ta Teksas), kamfanin inshorarka ya tura musu shaida. Lambar MC, wato izinin dako na gwamnatin tarayya, ta masu tsallaka jiha ce.

Amma ga inda mutane ke faɗawa: kwantenar da ta sauka tashar jiragen ruwa ta Hustan daga ƙasar waje, ko Dalas kawai za ka kai ta, duk a cikin Teksas, a idon gwamnatin tarayya ka shiga dakon tsakanin jihohi. Duba takardar kayan tukuna kafin ka ɗauka.