Tambayi Injiniya: Bangon da ke tsagewa da rani ya haɗe da damina

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ina rubuto maka ne daga Numan jihar Adamawa. Gida na ne ciki uku da falo, shekara huɗu kenan da tarewar mu, to tun shekara ta biyu bangon falo ya tsage daga kusurwar taga ya gangara a karkace har ƙasa, na kira birkila ya liƙe da siminti aka yi fenti, rani na zagayowa ya sake buɗewa a wuri ɗaya. Abin mamaki da damina sai ya haɗe kamar ba komai amma kuma ƙofar ɗaki ta ƙi rufuwa. Wasu na cewa magini ne ya cuce ni a siminti, wasu na cewa in nemi addu'a. Dan Allah mene ne mafita?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam. Addu'a kam ba a raina ta, amma abin da ka kwatanta ɗin nan aikin ƙasa ne, kuma da ka ce Numan na riga na gane inda aka dosa. Yankin ku da Guyuk, da wasu sassan kudancin Gombe, har can Borno wajen Dikwa da Marte da Gamboru Ngala, akwai baƙar lakar nan da ake kira firki, wadda ake dasa masakwa a cikinta bayan ruwa ya janye. A gona albarka ce, a ƙarƙashin gini kuwa fitina. In ta sha ruwa kumbura take yi kamar kwaɓin fulawa da aka sa wa yis, in ta bushe ta tsuke ta daddare, kai da kanka ka sha ganin yadda take tsagewa a watan Maris har mutum ya zura hannu. To gidanka a kan abin nan yake zaune, yana hawa yana sauka duk shekara.

Kuma ba wai hawa da saukar ne kaɗai matsalar ba, da gidan gaba ɗaya zai ɗaga tare ya sauka tare da ba abin da zai same shi. Abin da ke faruwa shi ne ƙasar da ke gefen gida rana na dukanta tana bushewa, ta tsakiyar gida kuwa daɓe ya rufe ta danshinta na nan, sai kusurwa ta zauna tsakiya ta tsaya, bulo kuma ba ya lanƙwasa, sai dai ya tsage. Shi ya sa tsagar ke fitowa ta kusurwar taga ko ƙofa, nan ne bango ya fi rauni.

Don haka ka daina kashe kuɗi a liƙe tukuna. Fara da auna abin. Ka samu ɗan siririn gilashi ka manna shi a kan tsagar da siminti ta gefe biyu, ko ka ja layi da biro ka rubuta kwanan wata, ka riƙa aunawa da rula duk wata har rani da damina su zagayo. In faɗin bai kai milimita 5 ba kuma yana buɗewa yana komawa yadda yake, wannan da sauƙi. In ya kai 15 ko ya wuce, ko ka ga kowace shekara ƙaruwa yake, ko ɓangare ɗaya na bangon ya turo gaba ya bar ɗaya, ko linta ta tsage, to wannan ba na birkila ba ne, ka nemi injiniyan gini mai rajistar COREN, wato hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ya zo ya gani da idonsa, kuma a kwashe yara daga ɗakin kafin ya zo.

Kafin nan ga aikin da za ka iya yi kuma shi ne ya fi komai tasiri, wato raba fandisho da ruwa. Zagaya gidan lokacin da ake ruwan sama, eh ka ɗau lema ka fita, ka ga ina ruwan kwano ke zuba, yawancin gidajen mu a gindin bango yake sauka ya kwanta. A sa gwata a bakin kwano da fayif da zai kai ruwan nesa, sannan a zuba daɓen kankare ya zagaye gidan duka, faɗin mita 1 zuwa 1.5, a karkata shi waje yadda ruwa zai gudu. Na ce duka, don in ka yi gefe ɗaya ka bar ɗaya ƙara bambancin danshin ka yi. Sai ka duba sokawe da wurin wanke-wanke da famfon alwala, da yawa za ka tarar tsagar tana daidai inda fayif ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa. Sai bishiya. Na san ba mai son a taɓa masa darbejiya a zafin Numan, amma darbejiya da turare da mangwaro in suna jikin bango tsotse danshin gefen suke yi da rani. Ƙa'idar da muke bi ita ce nisan bishiya da gini ya kai tsawon da za ta yi in ta girma. Wadda ta riga ta girma kar ka sare ta rana ɗaya, ƙasar za ta sake jiƙa ta kumbura ta ɗaga bangon, a riƙa rage mata rassa dai.

In an yi duk wannan gini bai daina motsi ba sai a je ga ƙara wa fandisho zurfi. Ana haƙa ƙarƙashinsa ne gaɓa-gaɓa, kamar mita 1, a tsallake a haƙa wani, a zuba kankare ya bushe kafin a dawo kan na tsakiya. Duk wanda ya ce zai yashe maka gindin bango daga wannan kusurwa zuwa waccan a lokaci ɗaya, sallame shi.

TAMBAYA: Injiniya barka da aiki. Ni uwar gida ce a Gombe. Ƙasan bangon ɗakunan mu kullum a jiƙe, fenti na ɓarewa, wani farin abu kamar kanwa na fitowa, kayan cikin wadirof har wari suke. Maigida ya ce a manna tayil a huta. Ya ka gani?

AMSA: Hajiya a ba Alhaji haƙuri, tayil ɓoye ciwon zai yi kawai, ruwan da ya rasa hanyar fita sai ya ƙara hawa ya ɓullo a saman tayil ɗin, haka ma fentin mai. Ruwa ne bulo ke zuƙa daga ƙasa, yawanci yakan tsaya wajen mita 1, farin abin kuma gishirin da ya bari ne bayan ya bushe. Ko dai ba a sa leda da dipisi ba lokacin gini, wato shimfiɗar da ake yi a gindin bango don hana danshi hawa, ko an sa amma daga baya an yi ciko a tsakar gida ko titi ya taso har ƙasar waje ta haura shi. Ku fara duba wannan, ya kamata dipisi ya fi ƙasar waje tsawo da aƙalla inci 6, in ƙasa ta rufe shi a kwashe. Sannan da rani a farfashe filastar har sama da inda danshin ya tsaya da kamar ƙafa 1, a bar bangon ya sha iska makonni, a sake filasta da yashi mai tsabta da maganin hana ruwa da ake zubawa a kwaɓin siminti. Ta waje kuma a tone gindin bangon kaɗan-kaɗan a shafa kwalta a mayar da ƙasa a daddale. In bango ɗaya ne kawai ke jiƙa kuma bayansa banɗaki ne, to kira mai gyaran famfo kafin birkila. Wadirof ɗin kuma a ɗan janye shi daga jikin bango.

TAMBAYA: Na sayi fili a Dikwa zan fara gini bayan damina, wane irin fandisho zan yi?

AMSA: Malam ba zan yanke maka daga nan ba, sai an gwada ƙasar. A haƙa rami a ɗebi samfur a kai ɗakin gwaji na sashen injiniyan gine-gine, Jami'ar Maiduguri ce kusa da kai. In lakar ba ta da zurfi a kwashe ta a kai ga ƙasa mai ƙarfi, a cike da jar ƙasa ana daddalewa hawa-hawa. In ta yi zurfi, injiniya zai zana maka ko dai raf, wato faifan kankare da rodi da gidan duka zai zauna a kai, ko filoli da za su nutsa su wuce inda danshi ke canzawa a ɗaure kawunansu da bim na kankare da rodi. Kar ka yi cikon ɗaki da lakar da aka haƙo daga ramin fandisho ko da lebura sun ce ai asara ce a zubar, kuma ka sa kuɗin leda da ceni (ɗamarar kankare da rodi da ke ɗaure ginin) da daɓen zagaye a lissafin farko. A aiko mana da sakamakon gwajin in ya fito mu duba tare.