Hukuncin Karanta Falsafar Heidegger Ga Ɗalibin Kimiyya

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibin fiziks ne a jami'a. A darasin falsafa an kawo mana maganar Bajamushen nan Martin Heidegger cewa "kimiyya ba ta tunani". Shin ya halatta in karanta littattafansa? Kuma in ya yi gaskiya, ashe karatuna aikin banza ne?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ɗana, karatun ya halatta ga wanda ya riga ya ɗauki aƙidarsa a hannun malami. Wanda bai san tauhidinsa ba kuwa, ya fara da wannan tukuna.

Heidegger ya faɗi wannan magana a laccocinsa na jami'ar Freiburg tsakanin 1951 da 1952, kuma ba zagin masana yake yi ba. Kai kana auna lokaci da daƙiƙa, kana auna nisa da mita, lissafinka yana fita daidai. Amma idan aka tambaye ka mene ne lokaci shi kansa, ko me ya sa akwai wani abu maimakon babu, agogo da ma'auni ba su da amsa. A nan ya yi gaskiya, kuma tun littafinsa na 1927 a kan samuwa da lokaci yake wannan kira. Alƙur'ani ya riga shi tsayar da mutum a wannan gaɓa: "Shin an halicce su ne ba daga komai ba, ko su ne masu halittar?" (Suratuɗ Ɗur, aya ta 35).

Inda za ka yi hattara shi ne, samuwar da yake magana a kai ba Allah ba ce, shi da kansa ya raba su. Ya buɗe tambaya, ya ƙi bin ta zuwa ga Mahalicci. Mutum ne kuma da ya shiga jam'iyyar Nazi ta Hitler a 1933, don haka a auna hujjarsa, kada a yi koyi da shi.

Batun raina kimiyya kuwa, ban yarda ba ko kaɗan. Imam Gazali, wanda ya yi raddi ga masu falsafa, ya ce mai ƙaryata lissafin husufi da sunan addini cutar da addinin yake yi. Karatunka yana cikin farilla ta kifaya idan al'umma na bukatarsa. Ka riƙe shi da kyau, abin da ya shige maka duhu a falsafar kuma ka kai wa malaminka.

Allah ne mafi sani.