Ƙaramar Jif a Hanyar Duwatsu: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin lafiya ne, an mayar da ni wani ƙauye a ƙaramar hukumar Sardauna, kan tsaunin Mambila. Daga Gembu zuwa wurin aikina babu kwalta, sai duwatsu da hawa da gangara. Abin da na tara ba zai kai kuɗin Hilux ba. Dillali ya nuna mini RAV4 ta 2010 da CR-V ta 2009, ya ce duk jif ne, babu inda ba sa shiga. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi riƙo da hannunka a wannan aiki. Maganar dillalin nan ta dame ni, domin irinta ce ke sa mutum ya kwana a daji. A wurinmu duk motar da ta ɗan ɗaga sai a ce jif, alhali RAV4 da CR-V ƙirar motar gari ce aka ƙara wa tsayi. Bodi da shasi a haɗe suke, ba kamar Hilux da aka ɗora wa gangar jiki kan ƙaƙƙarfan ƙarfe ba. A burji da gargada suna yin abin kirki. A kan dutse kuwa labarin ya sha bamban.

Fara da tazarar da ke tsakanin cikin mota da ƙasa. RAV4 ta waɗannan shekarun tana da kusan santimita 19, CR-V ta ɗan gaza haka, kuma wannan awon babu kowa a ciki ne. Ka zuba mutum biyar da buhun masara, sai ta ƙara zama. Abin da dutse zai fara samu shi ne tukunyar baƙin mai da salansa. Idan tukunyar ta fashe ba ka lura ba, mai ya tsiyaye, injin ya tafi.

Sai giya. Duka biyun ba su da giyar ƙarfi, wadda ke barin mota ta rarrafa kan dutse a hankali ba tare da ka matse totur ba. In babu ita, dole ka shiga da ɗan gudu, gudun nan kuwa shi ne ke fasa taya da karya ƙafar mota. Ga kuma tsayin Mambila, inda ƙarancin iska ke rage wa inji ƙarfi a hawa.

Idan lallai tsakanin biyun ne, RAV4 zan nuna maka. Mai fowil ɗinta, wato wadda tayoyinta huɗu ke ja, tana da maɓallin da ke tilasta raba ƙarfi zuwa tayoyin baya, yana aiki har gudun kilomita 40 a awa. Ita CR-V sai tayoyin gaba sun fara sulɓi sannan na baya su kawo ɗauki. Amma don Allah ka durƙusa ka leƙa ƙasan motar da idonka. Da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka tayoyin gaba kawai ke ja, wasu kuma an cire musu farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, saboda ta fara ƙara. In ba ka ga farfela ta miƙe zuwa baya ba, ba fowil kake saya ba, ko me aka rubuta a jikin but.

Kafin ka biya, tambayi direbobin tashar Gembu wace mota ke kaiwa ƙauyen a watan Agusta. In suka ce sai tsohuwar Land Rover ko babur, ka yarda da su. Ka ajiye motar a gari, ka ƙarasa da babur.

Tambaya: Ina zaune a Jos, gonarmu tana bayan gari cikin duwatsu. Maigidana ya ce Subaru Forester, ni kuma Suzuki Jimny ta burge ni. Yaranmu uku.

Amsa: Hajiya, idonki ya gani daidai. Jimny da aka sake wa ƙira a 2018 ƙaramar fowil ce ta gaske: shasi daban, giyar ƙarfi, tazarar santimita 21, ga ta gajera, hancinta da bayanta ba sa dukan ƙasa a hawa. Matsalar ita ce mai ƙofa uku kujera huɗu gare ta, but ɗin kuma kusan babu shi. Ku biyar ba za ta ɗauke ku ba.

Forester tana da tazarar santimita 22 kuma tayoyinta huɗu suna ja koyaushe, don haka hanyar gona ba za ta gagare ta ba. Ku kula da abu biyu. Sababbin suna da giyabos na CVT, wato otomatik marar matakan giya, wanda ke ɗaukar zafi idan aka daɗe ana jan jiki a hawa da kaya, kuma yana son nasa man na musamman. Sannan tayoyin huɗu dole su zama girma ɗaya, cinyewarsu ma ta yi kusa. Ku fara neman bakanike da ya san Subaru a Jos kafin ku sayi motar. Da iyali irin naku, a nan maigida ya fi ki gaskiya.

Tambaya: Ina da CR-V, ba ni da halin canza mota. Me zan ƙara mata saboda hanyar ƙauyenmu?

Amsa: Taya, ɗan'uwa. Nemi mai kaurin gefe irin wadda aka yi don kwalta da daji, mai alamar A/T, ka rabu da manyan rim masu siririyar taya. Bayan haka a ɗaura maka farantin ƙarfe ƙarƙashin inji, da kusoshi, yadda za a iya kwance shi ranar juyen mai. Kada ka bar gida babu cikakkiyar safaya da jak da famfon iska. Da ka iso duwatsun ka ɗan rage iskar tayoyi, ka mayar idan ka hau kwalta. Babban dutse kuma ka ɗora taya a kansa, kada ka bar shi ya bi ta tsakiyar motar.