Amsar Mama ga tambayar "mu goma sha ɗaya me za mu iya?"

Salama 'yan'uwa, barkanmu da yamma. Ku yi haƙuri da hayaniya, ina bakin murhu ne.

To ƙanwata, tun safe na saurari saƙonki. Kin ce ku goma sha ɗaya ne kacal a taron addu'ar unguwarku, kuɗin baikon da kuke tarawa bai taka kara ya karya ba, to da me za ku fita yi wa mutane hidima? Bari in amsa a nan kowa ya ji.

Goma sha ɗaya ai kun yi yawa ma! 'Yan mishan da suka fara aikin bishara a Garkida a 1923 su biyu ne, Kulp da Helser, a gindin tsamiya aka yi sujadar farko. Makaranta da asibiti da wurin jinyar kutare duk daga baya suka zo. A 2014 kuma, da mutanenmu suka gudo daga Michika da Mubi, wa ya fara buɗe musu ƙofa a Yola? Gidajen talakawa irinmu. Ɗaki ɗaya, tabarma har bakin ƙofa.

Amma bari in gaya miki kuskuren da mu muka yi, kada ku maimaita. Fitarmu ta farko mun sha anko, muka je gidan wata gwauruwa da sabulu da mudun shinkafa biyu, muka yi waƙa, muka yi ta ɗaukar hoto. Matar nan ko kai ba ta ɗaga ba. Sai da muka miƙe za mu tafi na lura da robobi uku jere a tsakar ɗaki, ashe kwano ne ke yoyo. Wallahi, kai, Allah ya gafarta mini, kunya ta kama ni. Mun kawo abin da muka ga dama, ba mu tambaye ta abin da ke damunta ba. Littafin Yakubu sura 2 ya faɗa: ka ce wa mai yunwa ya sauka lafiya, ya ci ya ƙoshi, ba ka ba shi komai ba, ina amfaninsa? Mu mun ba da, amma ba inda yake mata ƙaiƙayi ba. Asabar ta gaba mazanmu biyu suka hau da guduma da ƙusa, aka canza falle uku.

Don haka ku fara da tambaya. Mutum biyu su je, ba anko, waya a jaka. Ku zauna ku ji.

Kuma ba komai ne kuɗi ba. Dokas ta Yafa, Ayyukan Manzanni 9, ɗinki ta iya, rigunan ne gwauraye suka riƙa nuna wa Bitrus suna kuka. A cikinku akwai tela, akwai malamar makaranta. Damina ta kusa, ku yi wa tsoho guda gayya a gonarsa. A asibiti kuwa, wanda ba shi da mai jinya, ruwan zafi a filas da wanke masa kaya ya fi masa doguwar wa'azi.

Kada ku tsallake gidan maƙwabci don Musulmi ne. Kada kuma ku sa wa taimako sharaɗin sai an zo majami'a; in an tambaye ku dalili, nan ne za ku faɗi sunan Yesu.

Gida ɗaya za ku zaɓa, amma ku riƙa komawa. Ki sanar da fasto tukuna. In kun sa rana ki kira ni, ina da masara tiya biyu. Wayyo, tuwona na kamawa, sai anjima.