Wace Inbata Ta Dace Da Batirin Ƙaramar Tarakta?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina noman rani a Dadin Kowa. Ina da 'yar tarakta mai aiki da batir huɗu a jere, kowanne bolt 12, 100Ah. Kuɗin fetur ya ishe ni, ina so in sa mata inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, in riƙa tayar da injin ban-ruwa mai ƙarfin doki ɗaya. Mai gyara ya ce in sayi inbata mai bolt 12 in maƙala a batir guda. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa wa lambu albarka.

Don Allah kada ka bi wannan shawara. Batiran nan huɗu tamkar shanun huɗa ne a ƙarƙashin karkiya ɗaya, tare suke ja, tare suke hutawa. Idan ka tatsi ɗaya shi kaɗai, ranar caji shi ba zai cika ba, sauran ukun kuma su sha fiye da ƙima. Na taɓa ganin irin wannan a wani shago a Gombe: batir ɗaya ya mutu murus, na kusa da shi ya kumbura kamar burodi, robar wayar ta narke ta manne a kan ƙarfen. Mai shi ya so ya rage kuɗi, sai ga shi yana sayen huɗu sababbi.

Jimillar batiranka bolt 48 ce, to inbata mai bolt 48 za ka nema, ka haɗa ta a bakin jerin gaba ɗaya. Akwai ƙarin riba a nan. Wat 1,000 a kan bolt 12 yana jan sama da amf 90, amma a kan 48 bai kai 25 ba, don haka waya ba za ta yi zafi ba.

Sai girmanta, kuma nan ne aka fi yin asara. Doki ɗaya wat 746 ne, amma injin yana jan kusan 1,000 idan yana aiki, lokacin tashi kuwa yakan fizgi ninki uku ko fiye na ɗan daƙiƙu. Ƙaramar inbata sai dai ta yi ƙara ta ɗauke. Ni a ganina kada ka yi ƙasa da 3.5kVA. Ka lura, kVA ba wat ba ne. A inbatoci da yawa 3.5kVA wat 2,800 ke nan. Ka sa mai shago ya nuna maka takardar, ka ga adadin da take jurewa a lokacin tashi.

Ka tabbata an rubuta "pure sine wave" a jikinta. Mai arahar nan wutarta ba sumul take ba, injin zai yi ta gurnani yana ɗaukar zafi har koyil ya ƙone. Sannan ta riƙa ba da bolt 230, 50Hz, irin wutar Najeriya. Na hannu da ake kawowa daga Amurka bolt 120 suke bayarwa.

Fiyus ko bireka ta DC, wato ta wutar batir, dole ce, dab da batir. Ta wutar gida ba ta maye gurbinta. A zafin Maris da Afrilu ka ajiye inbatar a inuwa inda iska ke ratsawa, nesa da feshin ruwa, ka riƙa kaɗe mata ƙura.

Abu ɗaya nake so ka sani kafin ka fitar da kuɗi. Bolt 48 sau 100Ah ya ba da 4,800, wato wat 4,800 na tsawon awa ɗaya, amma batirin ruwa rabinsa kawai ake ci idan ana so ya daɗe, ita ma inbata tana cin kusan kashi ɗaya cikin goma. Abin da ya rage ban-ruwan awa biyu ne, kuma da wannan cajin taraktar za ta mayar da kai gida. Idan fadamarka ta fi ƙarfin awa biyu, ka rubuto mini faɗinta da nisan ruwan, mu yi lissafin faranti nawa na sola za ka ƙara.